Ciyawa ta yi kyau amma shanu na lasar ƙasa: a watsa gishiri a gonar?

Wani mai kiwo daga Kachia ya aiko da tambaya. Ya ce yana zuba wa ciyawar giwa takin NPK da toka, ta yi kore shar, amma shanunsa na lasar ƙasa da gaigayar itace, nono kuma ya ragu. Ko ya watsa gishiri a gonar?

Malam, kada ka watsa. Gishirin shanu ta baki ake ba su.

Saiwar ciyawa na jan potashiyam, ɗaya daga cikin sinadaran takin NPK, fiye da buƙatarta muddin ta same shi a yalwace, kuma idan ya yi yawa sai ya danne sodiyam (sinadarin da ke cikin gishiri) da magniziyam da kalsiyam, su ragu a ganye. Kai kuwa ka haɗa mata NPK da toka, ita ma tokar cike take da potashiyam. Saniya na wadatuwa da kusan kashi 1 cikin 100 na potashiyam a busasshen abincinta. Idan ya haura kashi 3, tumbinta ba ya tsotsar magniziyam yadda ya kamata, musamman mai shayarwa da ke cin sabon toho a farkon damina. Za ka ga tana rawar jiki, tana tangaɗi, wani lokaci ta faɗi. Wannan kam a kira likitan dabbobi nan take.

Ita ciyawar giwa, kamar masara da dawa, ba ta kai sodiyam sosai zuwa ganye. Ko ka zuba gishirin, kaɗan ne zai isa bakin saniya, saura ya daskarar da ƙasa, ruwa ya daina ratsa ta. Ka ajiye dutsen lasa a inuwa, ko gishiri giram 30 zuwa 50 ga babbar saniya kullum. Kanwar da Fulani ke bayarwa ma tana da sodiyam.

Sai dai kada ka yanke potashiyam gaba ɗaya. Kowane tan na busasshiyar ciyawa da ka yanka ka kwashe yana tafiya da kilo 20 zuwa 30 nasa. Ka raba takin, ka zuba kaɗan bayan kowane yanka, ka dakatar da tokar tukuna. Idan gefen tsofaffin ganye ya fara rawaya yana ƙonewa, to potashiyam ya yi ƙaranci. Ka kuma haɗa wa shanun da ganyen waken lablab ko harawa, don sun fi ciyawa kalsiyam da magniziyam. Kafin sayen taki na gaba, kai samfurin ƙasa da na ciyawa NAPRI, cibiyar binciken kiwon dabbobi ta ƙasa da ke Shika, Zariya, ka nemi a gwada maka.