Ya ce in mayar da mata 40 su zama 3,000 a takarda

Tambaya: Malam, barka da aiki. Ni da mata 40 a Domayo, cikin Marwa ta ƙasar Kamaru, muna yin gawayi da karan dawa da ɓawon gyaɗa. Mun tsallake zagayen farko na wata gasar tallafi, za a ba ni minti 5 gaban alƙalai. Wani mai rubuta wa mutane dosiye, wato takardun neman tallafi, ya ce in kawo sefa dubu 50, zai gyara takardun ya mayar da mu mata 3,000, wai ya san na ciki. Ga Faransancina ba ƙarfi, barci ma ya ƙaurace mini. In ba shi?

Amsa: Ƙanwata, ko dala kada ki ba shi. Batun Faransanci kuwa sauƙi ne. Alƙalai ba jarrabawar nahawu suka zo yi ba. Ɗora agogo a gabanki, ki maimaita jawabin da ƙarfi har ya zauna a bakinki, ki tafi da gawayin a leda su taɓa, hannunsu ya yi baƙi. Ki kuma shirya amsar abin da ya bambanta naki da wanda ake yi a sansanin 'yan gudun hijira na Minawao, don alƙalin da ya san yankin nan zai iya tambaya.

Yanzu mu zo kan mutumin nan, don irinsa sun ishe ni. Kusan kullum sai wani ya zo mini da maganar cewa ba a cin gasa sai da hanya da ƙaton adadi. Kin san yadda sana'arsu take? Ya karɓi kuɗin mutum ashirin. A cikinsu ɗaya zai ci da guminsa, sai ya bi gari yana bugun ƙirji cewa aikinsa ne. Sauran goma sha tara kuma ya ce musu rabo ne bai tsaga ba. Da shi da boka duk kanwar ja ce. Gidauniyar Tony Elumelu da ke ba da dalar Amurka 5,000, tun 2015 take wannan shirin, kuma kyauta ake cike takardarta a intanet. Wanda ya ce a biya shi don ya buɗe ƙofa, aljihunsa yake buɗewa.

Shi kuma adadin ƙarya, tambaya uku ke rusa shi. Mata 3,000 kilo nawa suke yi a rana? A wane fili ake shanya shi, balle a watan Agusta da rana ke wasan ɓuya? Buhu nawa na kara kuke saye, alhali masu dabbobi da masu danga suna rububinsa? Na taɓa zama a kujerar alƙalanci, wani saurayi mai kyakkyawan aiki ya tsaya yana juya takardar da ba shi ya rubuta ba, gumi na ɗiga kan rigarsa, ya kasa faɗin kuɗin kilo ɗaya na kayansa. A ranar dosiye uku muka gani da jimla iri ɗaya, har kuskuren rubutun ma ɗaya ne. Tausayinsa ya kama mu, amma maki bai samu ba.

A ce ma ƙaryar ta wuce. Masu ba da kuɗi da yawa kashi-kashi suke sakinsa, kuma sukan zo har unguwa su nemi sunaye da lambobin waya. Ina za ki samo sauran 2,960? Ranar nan mai dosiyenki wayarsa a kashe take, sa hannunki ne a ƙasan takarda. Ma'aikatan ƙungiyoyin agaji a Marwa kuwa sun san juna, magana ba ta kwana.

Ki faɗi 40 ɗinki da ƙarfin gwiwa: abin da kowace ke samu a mako, gida nawa suka rage sayen itace, da adadin da za ku kai in an ba ku injin matsa gawayi. Littafin cinikinku, ko da ya sha maiƙo, ki tafi da shi.

Dubu hamsin ɗin nan a kashe ta wajen takardun ƙungiya. In ba ku yi rajista ba, ku kai dosiyen rajistarku ofishin Prefe, wato wakilin gwamnati mai kula da yankinku, gobe. Za a ce muku ku dawo jibi, jibi ta zama wata, mun saba. Amma dokar ƙungiyoyi ta 1990 ta ce in Prefe ya yi shiru wata biyu bayan an ajiye dosiye, shirun nan amincewa ne. Don haka kada ki bar ofishin sai an buga miki hatimi da kwanan wata a kan kwafinki.