Tambayi Duba-Gari: Wa Ke Auna Iskar da Muke Shaƙa a Katsina?

Tambaya: Assalamu alaikum, Baba Duba-Gari. Ni malamar firamare ce a Ƙofar Marusa, cikin birnin Katsina. Ɗana na biyu yana da asma, duk hunturu a zaune muke kwana. Ƙanena ya saka mini wata manhaja a waya mai nuna lafiyar iska. Tun da hazo ya sauka kullum ja take nunawa, yau 170, gobe ta haura 200. Wa yake auna wannan, gwamnati ce? Kuma ina aka kafa na'urar, don ni ban taɓa ganinta ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaro lafiya, ya sa kaffara ne.

Ki buɗe manhajar ki duba ƙasan lambar. In da na'ura a ƙasa, za ki ga sunan tashar da inda aka kafa ta. In ba ki ga sunan kowace tasha ba, ko kika ga an rubuta ƙiyasi, to daga sama aka hango lambar nan. Tauraron ɗan'adam yana duba yawan hasken ranar da ƙura ta tare tsakaninsa da ƙasa, sai kwamfuta ta haɗa wannan da lissafin inda iska ta taso da inda ta dosa, ta fitar da lamba ɗaya ta liƙa wa gari sukutum. Na'urorin ƙasa kaɗan ne a Najeriya, kuma yawancinsu suna manyan birane irin su Legas da Abuja.

Kada ki raina lambar duk da haka. A kan hazo takan yi gaskiya, domin hazo abu ne mai faɗi da ake gani daga sama. Mafi yawansa daga wani kwari yake tasowa a arewacin Chadi, ana kiransa Bodele, inda tsohon tafki ya ƙafe tun dubban shekaru ya bar gari laushi a ƙasa. Iska takan matso tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashe shi, ta ratsa Nijar, ta sauke mana. Abin da tauraron ba ya rarrabewa shi ne lungunki: bolar da aka cinna wa wuta bayan la'asar, janaretan mai caji a bakin layi, tayar da ake babbaka da ita a kwata. Waɗannan a hancin yaro suke ƙarewa, ba sa shiga lissafin kowa.

Abin da ake aunawa ƙura ce mai tsananin laushi da ake kira PM2.5. Sai a jera kusan talatin ɗinta kafin a kai kaurin silin gashi ɗaya, shi ya sa gashin hanci ba ya tare ta, take wucewa har cikin huhu. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ta wuce maikurogiram 15 a kowace mita kubik ta iska (wato cikin akwati mai mita ɗaya a tsawo da faɗi da zurfi) a yini guda, a shekara kuma kada matsakaicinta ya wuce 5. Lambar wayarki kuwa ma'aunin Amurka ce yawanci: 0 zuwa 50 kore, lafiya lau, 51 zuwa 100 ruwan ɗorawa, 101 zuwa 150 ruwan goro, mai asma ya fara taka-tsantsan, 151 zuwa 200 ja, ta taɓa kowa. Daga 201 kuma yaronki ba shi da abin yi a filin ƙwallo.

Batun gwamnati kuma, a takarda akwai masu aikin. Hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, tana da ma'aikata a filayen jirgin sama, har da namu na Umaru Musa 'Yar'adua, suna duba nisan da ido ke iya gani, su ne ke gargaɗi a rediyo cewa ƙura na tafe. Amma matuƙin jirgi suka fi yi wa aiki. Wadda aka ɗora wa kula da ƙa'idojin muhalli ita ce NESREA, da aka kafa a 2007. Tana da ƙa'ida kan tsabtar iska, da wata ta 2011 da ta hana ƙona daji da shara a fili. A jiha kuma akwai hukumar kare muhalli ta jiha, SEPA.

Tarihin waɗannan hukumomi ya fi sunayensu koya darasi. A 1988 aka gano an jibge dubban durom na guba daga Italiya a garin Koko, a tsohuwar jihar Bendel, a filin wani bawan Allah da ake biya dala 100 a wata. Babu wata na'urar gwamnati da ta gano su. Ɗaliban Najeriya da ke karatu a Italiya ne suka ga labarin a can suka tsegunta wa jaridun gida. Bayan nan ne gwamnatin Babangida ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA, wadda a 1999 aka narkar da ita cikin Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya. Baƙin toka da ya fara sauka a Fatakwal a ƙarshen 2016 ma, mutanen gari ne suka yi ta nuna tafin ƙafarsu da farin kyallen da suka yi baƙi kafin hukuma ta motsa. A ƙasar nan ƙarar mutane ce ke jawo awo, ba kasafai awo ke riga ta ba.

Saboda haka ki zama mai awon gidanki. Ki ware littafin rubutu ɗaya. Ki zaɓi abu biyu da kike hange daga ƙofar gida, na kusa da na nesa, ko hasumiyar masallaci ko dogon ƙarfen sabis. Kowace safiya ki rubuta kwanan wata, da lambar waya, da ko kin hango na nesan, da sau nawa yaro ya shaƙi maganinsa. Masu duba yanayi ma da irin waɗannan alamomi suke auna nisan gani. Bayan wata guda ki kai wa likitansa. Ki ƙara layi ɗaya: me aka kunna a ɗaki daren jiya? Lokacin da nake yawon duba gidaje, a hunturu na fi tsoron ɗaki fiye da waje. Taga a toshe da tsumma, kaskon gawayi a tsakiya, maganin sauro na igiya yana ci a gindin gado, ga turaren wuta an zuba don baƙi. Uwar gida tana zargin hazo, alhali ita ta haɗa wa yaron nasa hazon. A yayyafa ruwa kafin shara, a fitar da kasko kafin a kwanta, in zai fita da safe ya sa takunkumin N95, na yadi ba ya tare wannan ƙurar.

Tambaya: Baba, ni tela ne a Daura. Wani maƙwabcinmu ɗan gwangwan ne, yana sayen matattun batiran mota da na sola, ya fasa su da gatari a kangon da ke jikin katangarmu, ya zubar da ruwan a ƙasa, ya narka dalmar a tukunya da dare. Yaranmu a nan suke wasa. Mutumin kirki ne, ba na son rigima. Ina zan kai kuka, kuma wa zai auna ya gaya mana ko akwai illa?

Amsa: Malam, akwai illa, ba sai an auna ba. Daga yau kada yaro ya sake taka kangon nan.

Ka tuna abin da ya faru da maƙwabtanmu na Zamfara a 2010. A ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega, mutane na kawo duwatsun zinariya gida suna dakawa suna niƙawa a tsakar gida, ba su san dutsen cike yake da dalma ba. Yara sama da 400 suka rasu. Likitocin ƙungiyar Na-Gari-Na-Kowa da suka shiga bibiyar sanƙarau ne suka lura yara na mutuwa da jijjiga fiye da ƙima, kuma maganin zazzaɓi ba ya yi musu komai. Da aka zo da na'ura daga baya, an samu wuraren da dalma ta haura kashi 100,000 cikin miliyan na ƙasar, a lokacin da Amurka ke ɗaukar 400 a matsayin iyaka a inda yara ke wasa. Sai da aka kankare saman ƙasar gidaje aka zubo sabuwa, Bagega ma ba ta samu wannan ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja.

Dalma ba ta da wari, ba ta ruɓewa, ba ta tafiya da damina. Tana zama a ƙasa, yaro ya dafa ya kai hannu baki. Kafin a kai ga jijjiga, ta daɗe tana cin ƙwaƙwalwa: yaro ya daina gane karatu, ya riƙa ciwon ciki, jininsa ya yi ƙasa, a ce dakiki ne ko mayu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadinta a jini da za a kira lafiya. Shi kansa maƙwabcin naka yana kai ta gida a rigarsa da takalminsa, kuma in matarsa na da ciki tana isa ga ɗan tayin. Da wannan za ka fara yi masa magana, domin 'ya'yansa sun riga naka shiga haɗari.

In bai ji ba, ka je wa mai unguwa, ku tafi da mutum biyu ko uku daga layin. In an kai mako biyu tukunya na kan wuta, sai takarda. Ka rubuta wa sashen lafiya na ƙaramar hukuma, inda duba-gari suke, ka ba SEPA kwafe, ka ba ofishin NESREA na jiha kwafe. Tun 2024 suna da ƙa'ida ta musamman a kan batir. Ka faɗi wurin, da lokacin da ake narkawa, da yawan yaran da ke kusa, ka haɗa da hoto, ka roƙi a auna ƙasar kangon da ruwan rijiyar da ta fi kusa. Ga abin da mutane ke mantawa: ka riƙe kwafe ɗaya, ka sa a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kai. Na zauna a irin ofisoshin nan. Kukan baki yana bin mai shi ya fita, amma takarda mai hatimi sai wani ya sa hannu a ƙarƙashinta. In sun zo sun auna suka yi shiru, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ka damar neman sakamakon a rubuce, ta kuma ba su kwana 7 su amsa.

Yaran kuma ka kai su babban asibiti, ka ce wa likita ƙarara suna wasa inda ake narka batir, kana son gwajin dalma a jini. In babu a nan, ya rubuta maka inda za a yi. Kafin nan a wanke musu hannu da sabulu kafin cin abinci, a bar takalma a ƙofa, a riƙa goge daɓe da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya.

Tambaya: Baba, ni ɗalibi ne a jami'a a nan Katsina, ina neman abin da zan yi binciken kammala karatu a kai. Na ji an ce Najeriya na kai wa Majalisar Ɗinkin Duniya rahoton hayaƙin da take fitarwa. Ta yaya ake auna hayaƙin ƙasa guda? Har na murhun mahaifiyata?

Amsa: Har shi, ɗana, amma ba wanda ya je da na'ura. Lissafi ne. Litar fetur ɗaya in ta ƙone tana ba da kusan kilo 2.3 na iskar kabon, ta dizal kusan 2.7. Sai a ɗauko adadin man da aka sha a shekara a ninka. Haka ake yi da siminti, da gas ɗin da ake ƙonawa a rijiyoyin man Neja-Delta, da shanu, waɗanda gyatsarsu ke fitar da iskar mitan, da gonakin shinkafa da ruwa ke kwanciya a ciki. Najeriya ta miƙa rahotonta na farko a 2003. Ƙarƙashin yarjejeniyar Paris ta 2015, yanzu duk shekara biyu ake son sabo. A 2021 marigayi Shugaba Buhari ya yi alkawari a Glasgow cewa nan da 2060 abin da ƙasar ke fitarwa ba zai wuce abin da take shanyewa ba, ya dawo ya sa hannu a dokar sauyin yanayi. Kasonmu a hayaƙin duniya bai kai 1 cikin 100 ba.

Lissafin mai yana da ɗan ƙarfi, tunda akwai rasit, ko da yake ka san man da ya bi ta Jibiya da Kwangwalam ya tsallaka Nijar ba a nan ya ƙone ba. Na itace ne mai rauni. Ana ɗaukar yawan jama'a a ninka da abin da ake zaton mutum ɗaya na ƙonawa, kuma rabon da a ƙirga mu tun 2006.

Ga bincikenka nan. Ka ari sikeli mai ƙugiya, ka nemi izinin gidaje 30, rabi a cikin birni rabi a ƙauye, ta hannun mai unguwa. Tun da ba za ka shiga cikin gida ba, ka tafi da 'yar ajinku ko ƙanwarka. Ku auna itacen da safe kafin a hura wuta, ku dawo washegari ku auna ragowar, mako guda a jere. Ku rubuta mutum nawa aka dafa wa, da irin itacen, da ko an haɗa da kara ko gawayi, da ko madafar na da taga. Ku yi zagaye ɗaya a hunturu, lokacin da ake ɗumama ruwan wanka, ɗaya kuma a bazara. Gidan da ake tuyar ƙosai ko waina don sayarwa ka ware shi daban, in ba haka ba zai ɓata maka lissafin sauran.