Amsa ga Hajiyar da ke neman ƙaramar mota: Corolla, 307 ko Civic

Wa alaikumus salam Hajiya. Na ga tambayarki, kin ce kina zaune Kinkinau aikinki kuma wajen Kawo, wani lokaci ki leƙa gida Zariya, kina son ƙaramar mota otomatik wadda ba za ta riƙa kwana gareji ba, kuma dila ya nuna miki guda uku, Corolla 2006, Peugeot 307 da Civic 2007, har ya ce zai ba ki garanti. Na ga 'yan'uwa da yawa sun rubuta "Corolla" kawai sun wuce abinsu. Ni ma Corollar zan ce, don ita nake hawa shekaru da dama, kafin ita kuma Peugeot 206 na riƙe, amma in aka ce miki Corolla aka yi shiru ba a gama taimakonki ba, don a garin nan akwai Corollar da in kika saya sai kin gwammace ki ci gaba da shiga Keke. Motar da ta kusa shekara ashirin a duniya, abin da hannaye suka yi mata ya fi sunan da ke goshinta muhimmanci.

Corollar 2003 zuwa 2008 ta Amurka injinta 1ZZ ne, 1.8. Sarƙa gare shi ba bel ba, wato babu fargaban taimin bel ya tsinke miki a hanyar Jaji. Giyarta mai hawa huɗu ce, tsohon yayi, ba ta da iyayi. Tankin lita 50 ne, kuma tunda aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kowa ya koma lissafi, toh ita dai ba ta cikin masu sa mutum kuka a gidan mai, sai dai in da abin da ya lalace a jikinta. Abubuwan da na canza a tawa duk na ƙasa ne, irin wanda hanya ke ci: shokozoba, bushin, bol joyin, tayarod, injin sit, sai birki da kwayil ɗaya. Kin san lungunan Kinkinau da Rigasa in damina ta yi nisa, babu motar da ƙafarta za ta tsira. Daɗin abin shi ne duk wanda ya lalace da safe, kafin la'asar an samo shi a Ori Apata ko Panteka, sabo ko Beljiyam, wato na hannu da aka shigo da shi daga waje, kuma ko a Birnin Yero ta tsaya miki za ki sami yaron da ya taɓa kwance irinta.

Tana da 'yan halayenta da ya kamata ki sani don kada a yi miki wayo. Akwai ɗigon baƙin mai da take yi ta bayan injin wajen tenshona na sarƙa, wata 'yar roba ce zagayayya take bushewa, kuɗinta bai taka kara ya karya ba, amma wani bakaniken zai leƙa ya girgiza kai ya ce Hajiya sai an sauke inji. Akwai kuma gaskit ɗin manifol, in ya tsufa sai iska ta riƙa shiga ta inda bai kamata ba, da safe lokacin hunturu ki ji injin yana rawa, wutar cek injin ta kama, in an sa kwamfuta ta nuna P0171. Wani lokacin ma ba gaskit ba ne, ƙurar hunturu ce ta toshe sensan iska, a fesa masa abin wankinsa shikenan. Shan baƙin mai kuma an fi sanin na farkon-farkon wannan injin da shi, wajen 1998 zuwa 2002, na baya sun fi dama, amma duk da haka ki koyi zaro ma'aunin mai ki duba da kanki duk sati.

Wani abu da dillalai ba sa faɗa, ƙila wasunsu ba su ma sani ba. A 2010 Toyota ta yi kiranye a Amurka, wato ta ce a mayar mata da motoci ta gyara, na Corolla da Matrix na 2005 zuwa 2008 sama da miliyan ɗaya saboda brenbos, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, da kan sa mota ta mutu tana tafiya, sannan waɗannan shekarun suna cikin kiranyen iyabag, jakar iskar da ke kare mutum a hatsari, na kamfanin Takata. Lambar VIN, wato lambar shaidar motar, tana ƙasan gilashin gaba ta gefen direba, haruffa da lambobi 17, ki ɗauki hotonta ki ba wani ɗanki mai wayon intanet ya duba ko an yi mata gyaran, ya kuma ciro tarihinta a shafin Carfax. Nan ne ake ganin wadda ta yi hatsari aka rubuta mata salbej, wato an yanke mata hukuncin ta lalace, da wadda ambaliya ta shanye, da wadda ta bar can da mil dubu ɗari biyu da wani abu ta iso nan ta koma dubu tamanin.

Yanzu maganar garanti. Hajiya garantin dila a nan na baki ne. Ki ce ya rubuta a takarda, inji da giya, wata nawa, ya sa hannu da shaidu, za ki ga yadda hira za ta canza salo. Lokacin da na ɗauki tawa a wani wajen sayar da motoci a cikin gari, mutumin har rantsuwa ya yi wai ko kusa ba zan saka mata ba. Ba a jima ba na ga mai yana tafiya fiye da ƙima, ga wani wari daga salansa mai hawa kai in an tsaya a go-sulo. Da aka ɗaga ta a rami sai ga ɗinkin walda sabo fil a cikin salansar, an farke an kwashe indomin, wato abin da ke tace hayaƙi, an mayar an shafa baƙin fenti, wutar cek injin kuma an buɗe dashbod an liƙe ta da baƙin salatif. Na koma wajensa, ya karɓe ni hannu bibbiyu, ya aika aka kawo min lemo mai sanyi, ya ce wallahi Alhaji haka ta zo daga jirgi, sai haƙuri. Iyakar garantin kenan. Ba na cewa duk haka suke, akwai masu tsoron Allah da za su gaya miki an taɓa fentin ƙofa tun kafin ki tambaya, amma aikinsu sayarwa ne, ba su da gareji, ba su da kayan gyara, ranar da kika fita da mota daga get hulɗa ta ƙare.

Manyan wuraren sabis masu yunifom da rasit su kuma daban ne. Na taɓa kai tawa ɗaya daga cikinsu da esi ya ƙi sanyi, gaskiya sun gano matsalar ba tare da lalube ba kuma ba su taɓa abin da ban ce ba, sai dai kuɗin aikin ya ninka na bakin titi, kayan kuma aka ce sai an turo daga Legas, mota ta yi kwanaki a ajiye. Shawarata, ki riƙa zuwa irin wurin don a sa kwamfuta a gaya miki takamaiman ciwon, ko aikin giya da na waya, ƙananan abubuwa kuma ki sami bakanike ɗaya mai jin magana ki riƙe shi.

Na ce mai jin magana don a nan ne motoci ke mutuwa. Abu na farko da za a ce miki ranar da kika kai ta juye shi ne a cire tamostat, wai na ƙasar sanyi ne, a haɗa fanka dairek. Kar ki yarda ko da wasa. In aka cire shi injin ba ya kai zafin da aka tsara masa, brenbos ya ɗauka har yanzu da sanyi sai ya ci gaba da zuba fetur, ke kuma kina mamakin ina manki yake tafiya, fankar ma ta ƙone kafin lokacinta. Na biyu ruwan famfo ko fiya wata a lagireto maimakon kulan, wannan tsatsa ce kike tarawa a ciki. Na uku man giya, wannan Corollar T-IV take sha, yawanci a rubuce yake a jikin ma'aunin giyar, amma yaro zai ruga ya sayo duk jan man da ya samu ya ɗura, bayan wata biyu giya ta fara fizga a ce ai dama otomatik haka take. Baƙin mai kuma 5W-30 aka rubuta mata, kusan lita huɗu, su kuwa sun saba da 20W-50 mai kauri tun zamanin 504. In injin lafiyayye ne ki bi abin da ke rubuce a murfin, ki sayi manki da filta da kanki a wurin da kika yarda da shi don jabu ya yi yawa, ki tsaya a zuba a gabanki. Ni har yau in ana juye kujera nake ja in zauna, sun saba, har tsokanata suke wai Alhaji sufeto.

Sai 307. Kaduna garin Peugeot ne, kamfanin PAN na Kakuri tun a 1975 ya fara haɗa motoci, shi ya sa muna da dattawan kanikawa da za su kwance 504 ko 406 ido rufe. 206 ɗina mai kuloci ce kuma na ji daɗinta, ba ta shan mai, ga daɗin sitiyari. Amma 307 motar waya ce, komai sai ya bi ta akwatin BSI mai sarrafa wutar motar, tana son batir mai ƙarfi da mai gyaran da ya san kwamfutarta, in rewaya na bakin hanya ya sa almakashi a wayoyinta kin shiga uku, yau gilashi ya ƙi sauka gobe waifa ta tashi da kanta. Otomatik ɗinta kuma AL4 ce, giyar da duk mai Peugeot ya san ba ta yafe sakaci da mai ko zafi. Da kin ce kina tuƙa mai kuloci kuma kina da mutumin Peugeot na gaske, da na ce ki duba ta don ta fi araha kuma ta fi daɗin zama a doguwar hanya. Tunda otomatik kike so ga go-sulon Kawo safe da yamma, ni dai ba zan ba ƙanwata shawarar ta ba. Masu 307 ku yi haƙuri, na san za ku zo.

Civic 2007 mota ce mai kyau, ta fi Corolla kyan gani da ƙarfin tashi, ita ma sarƙa ce. Abu biyu ne. Ƙasa take sosai, cikinta zai riƙa gaisawa da kowane tudun rage gudu. Sannan na 2006 zuwa 2008 an san wasunsu da tsagewar bulok ɗin inji har ruwa ya riƙa zuba, Honda ma sai da ta tsawaita garantin wannan a Amurka zuwa shekara goma, wanda ya wuce tuntuni. In ita ranki ya kwanta da ita, a duba gaban bulok ɗin da tocila ko akwai alamar ɗigon kulan ko shafen gam.

Ranar duba mota ki je da sassafe ba tare da kin sanar ba, da bakanikenki ba wanda dila ya kawo ba, kuma ki biya shi kuɗin ranarsa da kanki don kada ya koma neman la'ada ta bayan fage. A taɓa bonet a ji da sanyi kafin a tayar, don injin da aka ɗuma yana ɓoye ƙara da hayaƙi. Ki murɗa makulli rabi ki ga wutar cek injin da ta iyabag sun kama, a tayar ki ga sun mutu, wadda ba ta kama ba tun farko an taɓa ta. A tura kujera baya a leƙa ƙarfen da take gudu a kai, a ɗaga kafet ɗin but wajen safaya taya, in kika ga busasshen laka ko tsatsa ko warin rima toh ta sha ruwa, ki tafi ko nawa aka rage. A shiga ƙarƙashinta, waɗanda suka fito jihohin ƙanƙara da Kanada gishirin da ake zubawa a titi yana cinye musu ciki. Sannan a hau baifas da ita da esi a kunne har ta yi zafi sosai, giya ta shiga duka huɗun ba duka ba jinkiri. Dilan da ya ce ba a fita da mota gwaji, ki yi masa godiya ki ƙara gaba.

Takardun kwastam kuma kar ki karɓi hoto ko "za a kawo", a tantance su a ofishin kwastam kafin kuɗi su fita, lambar VIN ta takarda ta dace da ta jikin mota. A Janairun 2017 an hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, don haka in aka ce ta Kwatano ce sai an ƙara buɗe ido, kar a tare ki a hanyar Zariya da yara a mota. In 'yar gida ce a yi canjin mallaka da takardar ciniki, ki huta da 'yan KASTLEA masu kula da dokar hanya a Kaduna da Rod Sefti.

Kar ki zuba duk kuɗinki a sayen, ki rage kamar kashi ɗaya cikin goma, don satin farko za ki yi juye, ki canza filtar iska da fulogi da kulan, watakila da tayoyi, Beljiyam da yawa da tsofaffin tayoyin sanyi suke zuwa kuma zafin kwaltar Maris ba ya raga musu. Shekarar taya tana jikinta, lambobi huɗu, biyun ƙarshe su ne shekara. In kuma Corollar da ya nuna miki ta faɗi gwaji, ki tambayi Pontiac Vibe ko Matrix na waɗannan shekarun mai 1ZZ 1.8, injinsu ɗaya da Corolla, kayan inji ɗaya, ga bayanta ya fi ɗaukar kaya in za ki Zariya. Ki dai tabbatar ba mai jan ƙafa huɗu ba ce, wannan ta fi shan mai kuma gyaranta ya fi tsada. Allah Ya sa a saya a sa'a, Ya tsare hanya.