Kuɗin raino ya cinye rabin albashina, in ajiye karatun ne?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Anti. Ina da yara biyu, babban shekararsa uku, ƙaramar watanta tara. Ina aikin karɓar kuɗi a wani asibiti mai zaman kansa daga takwas na safe zuwa huɗu na yamma, sannan ina digiri a fannin akanta, lakca da yamma kwana uku a mako da kuma yinin Asabar. Gidan rainon da nake kai su yana cin kusan rabin albashina, kuma biyar suke tashi, wadda ta makara a ci ta tara. Ranakun lakca sai na ƙara biyan wata maƙwabciya ta riƙe min su har dare. Maigidana yana ƙoƙari, shi ke biyan haya da sauran hidimar gida, amma yana ganin tunda ni na ce zan yi aiki da karatu, kuɗin raino nawa ne. Zangon da ya wuce na faɗi kwas biyu. Ƙawata ta ce in cire yaran in ɗauko wata yarinya 'yar shekara 12 ta zauna da su, zai fi min sauƙi. Ni kuma zuciyata tana raya min in ajiye karatun kawai. Na rasa inda zan sa kaina.

Daga Maman yara biyu

AMSA

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya raya miki su, ya kuma dafa miki.

Bari in fara kawar da maganar yarinyar nan, don ita ce ta fi tayar min da hankali. Kada ki yi. Jaririya 'yar wata tara rarrafe take yi, duk abin da hannunta ya taɓa baki za ta kai, ga yayanta mai shekara uku da hawan kujera da taɓa ruwan zafi. Idan murfin kwalba ya shaƙe ta, minti kaɗan ne tsakanin rai da mutuwa, kuma 'yar shekara 12 ba ta san abin da za ta yi ba, ita ma kuka za ta saka. Sannan aji ne wurin zamanta a wannan lokacin. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1973 ta sa shekara 15 a matsayin mafi ƙarancin shekarun fara aiki, 14 ga ƙasashe masu tasowa. Ke da kike hana idonki barci don neman ilimi, ba zai yi kyau a ce an raba 'yar wani da nata ilimin saboda ke ba.

Tsadar da kike kuka da ita kuwa ba rashin iya tattalinki ba ne. Rainon jariri ko'ina a duniya yana da tsada, saboda mutum ɗaya ba ya iya kula da jarirai da yawa. A Ingila doka ta ce mai raino ɗaya ga yara uku idan ba su kai shekara biyu ba, ɗaya ga biyar idan 'yan shekara biyu ne, ɗaya ga takwas daga shekara uku. Kin ga albashin ma'aikaciya guda iyaye uku ne ke raba shi a ɗakin jarirai, a ɗakin manya kuwa iyaye takwas. A Amurka hukumar lafiya ta ƙasar ta ɗauki kashi 7 cikin 100 na kuɗin shigar iyali a matsayin rainon da ba ya takura, amma iyalai da yawa a can sun zarce haka nesa ba kusa ba. Abin da nake so ki riƙe a nan shi ne kina tsakiyar shekarun da suka fi tsada ne, kuma suna da ranar ƙarewa. Nan da shekara ɗaya da 'yan watanni ƙaramar za ta cika biyu, babban kuma ya kusa shiga makaranta.

Yanzu ga inda nake ganin kuɗinki yake zurarewa ba ki lura ba. Cikin wasiƙarki kin lissafa lokacin aiki da lokacin lakca, duk kin sama wa yaran mai riƙe su. Ina lokacin karanta littafi? Na san amsar, don na zauna da mata irinki da yawa: sha ɗayan dare, yarinya a cinya tana tsotso, takarda a hannun hagu, ki karanta layi ɗaya sau huɗu bai shiga ba, ki farka da asuba biro yana ƙarƙashin kumatunki. Malaman jami'a sun daɗe da ƙiyasin cewa kowace awa ɗaya ta lakca tana buƙatar kamar awa biyu na karatu a waje. Mu ce lakcarki awa uku-uku ce ranakun yamma, shida ranar Asabar, awa 15 ke nan, sai ki ɗora 30 na bita, ga 40 na aiki. An tashi 85. Mako gaba ɗayansa awa 168 ne, barcin awa bakwai kullum ya ɗauke 49. Saura 34 kacal, a cikinsu za ki yi zirga-zirgar hanya, da girki, da wanki, da wankan yara, da jinyar wanda ya tashi da zazzaɓi. Kwas biyun nan ba ƙwaƙwalwarki ce ta faɗi su ba, lokaci ne bai kai ba. Kwas na akanta ma da sai an zauna an yi lissafi da hannu, ba ya karantuwa da gyangyaɗi.

Kuma duk cikin abin da kike kashe wa kuɗi, babu mai tsadar kwas ɗin da aka faɗi. Kin biya kuɗin makaranta a kansa, kin biya maƙwabciya wata huɗu don ki zauna a ajinsa, kin biya kuɗin mota, yanzu duk za ki sake. Idan kari-oba, wato kwasan da aka faɗi ake maimaitawa, ta taru har ta ja miki ƙarin shekara, rainon dare na shekara guda cur ya ƙaru a kanki.

Don haka shawarata, kada ki ajiye karatun, ki rage masa nauyi. Kafin a rufe rajistar zango mai zuwa ki je wurin malamin da ke kula da ajinku, ki tambaye shi mafi ƙarancin yunit, wato ma'aunin nauyin kwasai, da aka yarda ɗalibi ya ɗauka, da kuma iyakar shekarun da aka ba ku ku kammala. Ki sa kwas biyun da kika faɗi a gaba, ki cike da waɗanda lakcarsu ta faɗo rana ɗaya, yadda fitarki ta yamma za ta koma kwana biyu. Na san za ki ce ai hakan zai tsawaita karatun. Zai tsawaita, amma nauyin zai koma shekarun da rainon ya yi araha kuma yarinya ta fara kwana ba ta tashe ki ba. Idan ma abin ya ƙi, akwai jingine karatu na zango ɗaya ko shekara. Sai dai a rubuce ake nema, a jira amincewa a rubuce. Ɗalibar da ta ɓace kawai ba rajista ba takarda, wata rana za ta dawo ta tarar an cire sunanta.

Aikin ma kada ki bari. Rabin albashin da ke saura yana nan, shekarun aikinki suna taruwa, kuma a nan digirin zai fara yi miki amfani. Ki nemi ganin shugaban sashenku da buƙata ƙwaya ɗaya bayyananniya, misali ki riƙa shigowa bakwai ki tashi uku ranakun lakca, kuma a ajiye miki hutunki na shekara ya faɗo makonnin jarrabawa. Ki binciki dokar ƙwadago ta inda kike game da mai shayarwa, domin yarjejeniyar kare haihuwa ta 2000 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta tanadi hutun shayarwa ko ragin lokacin aiki ba tare da an taɓa albashi ba, kuma ƙasashe da dama suna da irin wannan a dokokinsu. Idan kina tatsar nono, yana kai awa huɗu a ɗaki mai sanyi-sanyi, kwana huɗu a firij, hakan zai rage miki sayen madarar gwangwani.

Masu gidan raino ma ana zama da su. Ki tambaya ko suna ragi ga mai yara biyu, ko za su yarda da wani abu tsayayye a wata a kan ƙarin awa ɗaya maimakon cin ki tara, kuma ko ana biya lokacin hutu. Uwar da ke biya kan kari ba sa son ta tafi.

Sai maganar maigida, kuma a nan zan faɗa miki gaskiya ba kwana-kwana: yaran nan naku ne ku biyu, rainonsu hidimar gida ce kamar haya. Wani rahoton Ƙungiyar Ƙwadago na 2018 ya nuna mata ne ke yin sama da kashi uku cikin huɗu na aikin kula da iyali da ba a biya a duniya, shi ya sa maza da yawa, har masu kirki irin naki, ba sa ganinsa a matsayin kashe kuɗi sai an nuna musu. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki ɗauko takarda ki zana masa makonki awa-awa, yadda na yi miki a sama, ki rubuta abin da ke fita kowane wata a gefe. Kada ki fara da neman kuɗi, ki fara da neman lokaci. Idan ya karɓi ɗauko yara ƙarfe biyar ranakun lakca biyun nan ya zauna da su, tara ta tafi, kuɗin maƙwabciya ya tafi. Idan aikinsa bai bari ba, to sai ya ɗauki kuɗin ɗaya daga cikin yaran.

Abin da kika samu ragi, kada ki narkar da shi duka a hidimar yau da kullum. Ki sayi lokacin karatu da shi. Ki sami wata uwa da kika yarda da tarbiyyarta, wadda jadawalinta ya saɓa da naki, ku yi karɓa-karɓa: safiyar Lahadi ta riƙe naki awa huɗu, wata rana ki riƙe nata. Awa huɗun nan ki fita daga gidan gaba ɗaya, ki tafi laburare, don in kina ciki wanki zai kira ki. Sannan kowane wata ki ware wani ɗan abu da sunan jarrabawa, yadda makonni biyun ƙarshe za ki iya biyan maƙwabciyar nan ta riƙe su kullum da yamma ba tare da kin ci bashi ba.

Ki fara da zuwa wurin malamin ajinku cikin makon nan, tun ba a rufe rajista ba. In sakamakon zangon ya fito ki rubuto min, ina son in ji.