Amsa kan jami'ar da ta fi kowa cin Heisman

Ɗan uwa ka ce wace jami'a ce ta fi fito da masu cin Heisman, kyautar gwarzon ɗan wasan ƙwallon Amurka na jami'o'i da aka fara bayarwa tun 1935. To a lissafi USC, wato Jami'ar Kudancin California, ce a gaba da guda 8, tunda a 2024 aka maida wa Reggie Bush tasa ta 2005 da ya sallama a 2010. Ohio State da Oklahoma da Notre Dame kowa 7, sai dai na Ohio biyu na mutum ɗaya ne, Archie Griffin, 1974 da 1975. Notre Dame kuwa rabonsu da ita tun Tim Brown a 1987.

Amma ni wallahi Stanford ce ke ban tausayi, mutum ɗaya tal suka taɓa samu wato Jim Plunkett a 1970, amma duba yadda suke zuwa na biyu, Gerhart 2009, Andrew Luck sau biyu a jere 2010 da 2011, McCaffrey 2015, Bryce Love 2017, kullum a bakin ƙofa ake tsayar da su. Na McCaffrey ɗin nan har yau yana min ciwo, yaron ya karya tarihin da Barry Sanders ya kafa na yawan yadi, wato jimillar tazarar da ɗan wasa ya ci da ƙwallo a kaka ɗaya, a shekarar amma aka ba Derrick Henry na Alabama. A ganina lokacin wasa ya cuce su, suna yammacin Amurka, sanda ake buga wasanninsu da yawa 'yan jaridar gabas masu ƙuri'a sun yi barci. Alabama ma da duk sunanta sai 2009 ta fara ci da Mark Ingram, kuma da ƙyar Ingram ɗin ya doke Gerhart.