Me lambobin 52x32x52 ke nufi a na'urar ɗora wa faifai bayanai?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina da ɗan shagon kwamfuta, kuma har yanzu dattawa suna kawo mini aikin ɗora karatun Alƙur'ani da tafsiri a faifan CD domin su riƙa saurare a mota. An rubuta 52x32x52 a jikin na'urata, amma ban san ma'anarsa ba. Sannan wasu faya-fayan da na ɗora suna tsalle ko su ƙi tashi a rediyon mota, alhali lafiya ƙalau suke aiki a kwamfuta. Ina matsalar take?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Lambar farko ita ce iyakar gudun da na'urar ke rubutu a faifan CD-R, wanda sau ɗaya ake ɗora masa abu. Ta biyu gudun rubutu ce a CD-RW, wanda ake gogewa a sake ɗorawa. Ta uku kuwa gudun karanta faifai ce. Harafin x yana nufin ninki. Ma'aunin 1x shi ne gudun da faifan sauti ke tafiya sa'ad da ake saurarensa, wato kilobayit 150 na bayanai a daƙiƙa guda, don haka faifai mai cin minti 80 zai ɗauki minti 80 cur kafin ya cika a wannan gudu.

A lissafi, 52x ya kamata ya cika faifan cikin kamar minti ɗaya da rabi, amma idan ka duba agogo za ka tarar aikin yana kai minti biyu da rabi zuwa uku. Na'urar ba ta lalace ba. Rubutu yana farawa ne daga kusa da ramin tsakiya, yana kewayawa zuwa baki, kuma da'irar ciki ta fi ta waje gajarta ƙwarai. A gudun 1x faifai yana juyawa kusan sau 500 a minti idan ana ciki, ya sauko zuwa kusan 200 a baki. Da za a ce sai an sami 52x tun daga farko, da sai faifan ya juya sau 26,000 a minti, abin da robarsa ba za ta iya jurewa ba. Shi ya sa na'urar ba ta wuce wajen juyi 10,000 a minti, ta fara da ninki ashirin da 'yan kai, ba ta taɓa 52x sai a ƙarshen faifai. Ka sa ido a kan lambar da manhajar ɗora faifai, kamar Nero ko ImgBurn, ke nunawa yayin aiki, za ka ga tana hawa sannu a hankali. Idan kuma abin da ka ɗora bai wuce megabayit 200 ba, za a gama ba ta ko kusanci 52 ba.

Kada kuma ka gwama x na CD da na DVD. A DVD, 1x megabayit 1.385 ne a daƙiƙa, kusan ninki tara na CD, shi ya sa 16x na DVD ya fi 52x na CD sauri nesa ba kusa ba.

Batun mota shi ne ya fi damuna, domin dattijon da ya biya kuɗinsa bai kamata karatu ya riƙa yanke masa a tsakiyar aya ba. Hasken leza ne ke ƙona ƙananan alamomi a wani siririn rini da ke cikin faifan, kuma idan gudu ya yi yawa, musamman a faifai mai arha, alamomin ba sa fita tas. Na'urar kwamfuta takan iya karanta su duk da haka, amma tsohon rediyon mota, wanda idonsa ya sha ƙura kuma yake fama da girgizar hanya, ba shi da wannan haƙurin. Shawarata ita ce ka zaɓi 16x ga duk faifan da za a saurara a mota. Aikin zai ci minti biyar da ɗoriya, kuma a ganina ƙarin minti uku bai kai asarar faifai da ɓacin ran mai kaya ba. Sai dai kada ka ce za ka sauka har 1x ko 2x, saboda an haɗa rinin faya-fayan yanzu ne domin gudu mai yawa, kuma galibin sababbin na'urori ba sa yarda su sauka can.

Faifan da ya ƙi tashi gaba ɗaya kuwa, sau da yawa ba laifin gudu ba ne. Ka tabbata ka ɗora shi a matsayin Audio CD, domin tsofaffin rediyoyi ba su san MP3 ba; ka umarci manhajar ta rufe faifan, wato ta kulle shi yadda ba za a ƙara masa komai ba, bayan ta gama; kuma ka guji CD-RW, wanda ba ya mayar da haske sosai. Ga faifan da ka ɗora wa fayiloli, ka kunna zaɓin Verify domin manhajar ta sake karanta shi ta gwada da asali. Na sauti kuwa, ka saurari ɓangaren ƙarshe na faifan a rediyo kafin ka miƙa shi, tunda a bakin faifai ne kurakurai suka fi taruwa.