Dutsen niƙan kakarki

Jikata, saƙonki ya iso ni bayan la'asar, na karanta shi sau biyu. Karon farko na yi dariya, karo na biyu jikina ya yi sanyi. Kin ce kakarki ta kafe sai an sa tsohon dutsen niƙanta cikin kayan ɗakinki, alhali gidan da za a kai ki bene ne, ga bilenda har biyu an ba ki gudummawa, ƙawayenki kuma suna ta tsokanarki. Nan ne na yi dariya. Abin da ya dame ni yana ƙarshen saƙon, inda kika ce wata ta gaya maki dutsen Kwatarkwashi, garin nan na kusa da Gusau inda aka samo shi, na tsafi ne, kina tsoron shiga gidan miji da abin da Allah ba ya so. Kina tambaya al'ada ce ko camfi, kuma ko dole ne.

Kin yi sa'ar wanda kika tambaya, domin a gabana aka ɓamɓaro dutsen nan daga jikin uwarsa. Ina da shekara 13.

Da farko ki san ƙasar da kike takawa. Sakkwato ba ta da dutsen niƙa. Abin da muke da shi a kan tuddanmu marmara ce, ja, mai ramuka, wadda in kika goga hatsi a kanta rabin abin da za ki ci tsakuwa ne. Sai kuma farin dutsen Kalambaina, wanda ake haƙa ana ƙonawa a yi siminti. Shi wannan laushi gare shi, ƙarfe na kankare shi. In kika tsinci gutsurensa kika duba da kyau za ki ga siffar katantanwa da ƙwaryar halittun ruwa a manne ciki. Wani malamin jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya taɓa yi mani bayani cewa fiye da shekara miliyan 50 da suka wuce teku ce ta rufe duk yankin nan, abin da ya kwanta a ƙarƙashinta shi ne ya daskare ya zama farin dutsen. Na yi ta mamakin ikon Allah, garin da muke kuka da zafi da ƙishirwa a bazara wai ƙasan teku ne. To dutse mai tauri, mai ƙwayoyi masu ƙyalli, wanda gero ba ya cinye shi, sai an nausa gabas. Daga wajen Talata Mafara ƙasa take fara sauya fuska, ka soma ganin baƙaƙen duwatsu suna leƙowa, in ka wuce Gusau kuma su miƙe tsaye. Shi ya sa tun kakannin kakanninmu dutsen niƙa baƙo ne a Sakkwato, a bayan jaki yake zuwa, kuma macen da ta mallaki mai kyau ba ta wasa da shi.

A rani ne na 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, aka sa ranar auren Yaya, wato kakarki. Babanmu fatauci fata yake yi, fatar jan akuyar nan tamu da ake nema har Turai, yana kai ta Gusau saboda can jirgin ƙasa yake. Tun 1929 dogo ya kai Gusau ya wuce Ƙauran Namoda, amma bai taɓa isowa Sakkwato ba. Da zai tafi, Inna ta tsaya a bakin zaure ta ce masa ba ta roƙonsa atamfa ko tasa, dutse take so ya kawo wa ɗiyarta, kuma ya je da kansa ya zaɓo, kada ya saya a kasuwa. Ni aka haɗa shi da ni don in riƙe masa buta da jaka.

Mun hau bayan babbar mota a kan ɗaurin fata, warin na nan a hancina har yau. Shuni, Dange, Tureta, Mafara, Maru, Bunguɗu. Lokacin ba a yi madatsar Bakolori ba, sai 1978 aka gama ta. Duk ƙasar nan kuwa tamu ce ɗaya, ana ce mata Jihar Arewa maso Yamma, hedikwata a Sakkwato. Zamfara ba ta zama jiha ba sai 1996, don haka ku da kuke ganin Kwatarkwashi kamar wata ƙasa daban, mu a wurinmu bayan gida ne. Muka kwana biyu a Gusau Baba ya sallami fatunsa, rana ta uku muka kama hanyar Funtuwa.

Ba a daɗe da barin Gusau ba na hango babban dutsen Kwatarkwashi. Wallahi jikata, yaron da ya tashi a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa irin tamu bai san abin da ake kira dutse ba. Na ɗauka hadari ne ya haɗo a gabas, har na ce wa Baba ruwa zai sauko, alhali muna cikin hunturu. Muna matsowa yana ƙara girma, garin kuma yana lafe a gindinsa kamar 'yan tsaki a ƙarƙashin kaza. A can sama jikin dutsen ya yi fari fat kamar an shafa farar ƙasa. Baba ya ce kashin mikiya ne, a kogunan nan suke sheƙa. Na ɗaga kai na gan su suna shawagi, ba su kaɗa fiffike, sun fi a ƙirga. Yau ko ungulu a mahauta sai ka yi wata ba ka gani ba, masu neman sassan jikinsu don magani sun kusa ƙarar da su.

Mutanen garin suka nuna mana hanya zuwa wani ɗan ƙauye a gefe, inda falalen duwatsu suka shimfiɗu. A can masu fasa dutse suke. Ba babban dutsen suke taɓawa ba, ƙananan da ke kewaye da shi suke ci. Muka sauka wurin wani tsoho gajere, hannuwansa kamar bawon kuka, farcensa duk sun farfashe, idonsa ɗaya ya mutu saboda tsartuwar dutse. Baba ya faɗa masa abin da ya kawo mu. Tsohon ya nuna mana waɗanda ya riga ya sassaƙa, guda biyar ko shida a jingine. Baba ya ga wani mai faɗi, mai santsi, ya ce wannan. Tsohon bai ce komai ba, ya ɗauki guduma ya ɗan ƙwanƙwasa shi. Ƙara ta fito dum, kamar an bugi tulu mai tsaga. Ya ƙwanƙwasa na kusa da shi, wannan ya yi ƙara siririya mai tsawo. Ya ce wa Baba na farkon yana da ciwo a ciki, zai yi shekara biyu ko uku, ranar da aka aje shi da ƙarfi ya rabe biyu. Ya ce in na kasuwa ne zai sayar, wanda ya saya ya san tsiyarsa, amma na ɗiya ba ya bayar da shi. Na biyun kuma an riga an biya. Sai dai mu kwana a fasa mana sabo.

Daren nan shi ne abin da nake so ki gani. Bayan isha'i tsohon da 'ya'yansa biyu suka jera karan dawa da busasshen itace a kan falalen, ba tuli ɗaya ba, layi suka ja mai lanƙwasa kamar baka. Ya yi bisimilla ya kunna. Sanyin hunturu yana shiga ƙashi, ni ina ƙudundune cikin bargon Baba, su kuma suna zaune suna tura wutar gaba kaɗan-kaɗan da dogon sanda, suna share tokar baya. Ba mai hira da ƙarfi. Lokaci zuwa lokaci tsohon ya tashi ya je inda wuta ta bari, ya buga guduma, ya karkata kai yana saurare, ya dawo ya zauna. Na tambayi Baba me yake ji, ya ce zafi na sa fatar dutsen ta kumbura ta rabu da abin da ke ƙarƙashinta, inda ta rabu sautinsa daban yake. Barci ya ɗauke ni. Can wajen asuba wata ƙara ta tashe ni, tas, kamar an harba bindiga a cikin ƙasa, har na ji ta a bayana inda nake kwance. Na zabura zan gudu, ɗaya daga cikin samarin ya riƙe ni yana murmushi. Tsohon ya ce alhamdulillahi, ya ɗauki buta. A kan dutsen nan mai ɗumi muka yi sallar asuba, shi ya ba mu.

Da gari ya waye suka cusa ƙarafa a tsagar suka ɗaga, falle guda ya taso, kaurinsa ya kai taƙi. Daga cikinsa ya yanko na Yaya. Yini guda cur yana sara, yana juya shi, yana shafawa da tafin hannu ido rufe. Ya bar gefe ɗaya ya fi tudu don mai niƙa ta durƙusa ta can gari ya gangara ta can. Sannan ya shiga rafi ya zaɓo ɗan dutsen, ya gwada su ya ga sun zauna da juna. Da Baba ya zo biya bai yi ciniki ba, abin da ban taɓa gani ba wurin mutumin da zai yini yana ja-in-ja a kan fata ɗaya. A hanya na tambaye shi. Ya ce mutumin da ya hana ka sayen abin da kake so don ya san ba shi da kyau, ba a taya kayansa.

Yadda muka sha wahalar kawo shi gida kuwa, tsallake shi kawai. Inna ta karɓe shi da guɗa. Ta wanke shi, ta niƙa dusa a kai sau uku tana zuba wa kaji har tsakuwar sabunta ta fita, sannan ta bar Yaya ta taɓa. Abin da ta ce mata a ranar ina ji da kunnena: "Ɗiyata, kwano na hudewa, zane na tsufa, wanga shi ka binne ki." Takan kuma ce macen da ke da dutsenta a ɗaka ba ta kai ƙoƙonta gidan maƙwabta da dare, balle a san abin da mijinta ya kawo da abin da bai kawo ba. A yunwar 1973, lokacin da hatsi ya yi wuya, na ga amfanin maganar nan. Yaya na niƙa ɗan abin da ya samu a ɗakinta, ba wanda ya san mudu ne ko rabi.

Batun tsafi kuma. Gaskiya ne a zamanin da sunan Kwatarkwashi ya fita da Magiro, abin bautar Maguzawa, mu ma muna yara ana tsorata mu da shi. Wadda ta gaya maki ta tsinci bakin zance ne ta bar sauran. Mutumin da ya fasa dutsenki da sunan Allah ya fara, shi ya ja mu salla. Baba yakan ce dutse ba shi da addini, sai na hannun da ya ɗauke shi. Da kakarki cewa ta yi dutsen zai tsare maki aure ko ya kawo haihuwa, da ni zan fara zuwa in yi mata magana. Ban taɓa jin ta faɗi haka ba cikin shekara hamsin da ɗoriya.

Abin da ke ba ni takaici da ku 'yan yanzu, kome sai kun tambayi waya kafin ku tambayi tsohuwar da ke zaune a tsakar gidanku. Kin rubuto mani daga ɗakin da bai fi taku goma da nata ba. Kin taɓa zama kin ce ta ba ki labarin dutsen? Kin lura da yadda tsakiyarsa ya lotsa? Hannunta ne ya ci shi haka, da na mahaifiyarki kafin injin markaɗe ya shigo unguwa. Mu ma manya muna da namu laifin, mun bar ku kun girma kuna ganin tsakuwa a bayan tifa ba ku san daga inda take fitowa ba. Yanzu nakiya ake sa wa duwatsu, inji ya murƙushe su a zuba a kwalta da dakali, ba mai ƙwanƙwasawa ya saurara. Rabona da Kwatarkwashi an daɗe, hanyar ma ta zama sai da addu'a saboda 'yan bindiga, Allah ya kawo mana ƙarshen abin. Na so a ce na ɗauki iyayenku na kai su sun ga wurin tun ana zaman lafiya. Kullum ina cewa sai baɗi.

Dole kuwa, ba wanda zai ce maki aure bai ɗauru ba don babu dutse. Na kuma san hawa bene da shi aiki ne, sai samari biyu. Amma kafin ki yanke, ki je ki juya shi. A ƙasansa ta gefen tudu akwai ɗan rami kamar girman babban yatsa, tsohon ne ya sara shi da na roƙe shi ya bar ni in riƙe ƙarfen. Ki ce kakarki ta nuna maki yadda ake durƙuso, don akwai yadda ake dafa ɗan dutsen da ba ya gajiyar da kafaɗa. Ranar Juma'a in Allah ya kai mu zan shigo bayan masallaci, ki niƙa mani daddawa da barkono a kai, an daɗe ban ci miyar kuka irin ta Inna ba. Ki gaishe da mahaifiyarki.